Janet Rowley da layin nan na takardar gwajin ɓargo

Duk wanda ya taɓa jinyar mai sankarar jini a Jidda ko Riyad ko nan Makka ya san takardar da ake zaman jira bayan an ɗebi ɓargo. Takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta fito, kuma abin da likita ke fara kai ido a kansa layi ɗaya ne mai kama da lambar mota: 46,XY,t(9;22)(q34;q11.2)[20]. 'Yan'uwa sukan ɗauki hotonsa su tura wa ɗan gida da ke karatun likitanci, shi ma sau da yawa sai ya tsaya kame-kame. Alhali wannan layin ne ke raba wanda zai koma gida da ƙwayar magani ɗaya a rana da wanda za a kwantar a yi ta ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, da wanda za a fara nema wa ɗan'uwan da zai ba shi ɓargo.

Wadda ta sa wannan layi ya zama abin dogaro ita ce Dokta Janet Rowley ta Jami'ar Shikago a Amurka. Ƙasar nan ma ta san da zamanta, domin a 1988, daidai da 1408 ta hijira, an ba ta Lambar Sarki Faisal ta fannin likitanci a kan sankarar jini, tare da Melvyn Greaves na Landan. Ɗalibanmu da ke karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje ya kamata su san ta ciki da waje, saboda aikin da suke koyo da hannunsu shi ne ainihin aikin da ta yi suna da shi.

An haife ta a birnin New York a 1925. Ta gama karatun likita a Shikago a 1948 tana da shekara 23, ta auri Donald Rowley, likitan binciken cututtuka, suka haifi 'ya'ya maza huɗu. Shekaru da yawa kwana uku kawai take fita aiki a mako saboda renon yara. Ba da sankara ta fara ba. Ta yi aiki a wani sashen yara masu tawayar ƙwaƙwalwa, tana can aka gano a Faransa a 1959 cewa masu lalurar Down suna da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu (kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin sel, wato ƙwayoyin halittar jiki). Wannan ne ya ja hankalinta. A 1961 ta bi mijinta Oksfod a Ingila, ta koyi aikin kuromosom a wurin Laszlo Lajtha, da ta dawo a 1962 sai Leon Jacobson, masanin cututtukan jini, ya ba ta ɗan wuri da madubin likita, yana turo mata ɓargon marasa lafiyarsa.

Sai a tuna yadda ilimin yake a lokacin. A 1956 ne ma aka tabbatar cewa kuromosom ɗin mutum 46 ne, ba 48 ba kamar yadda aka daɗe ana koyarwa. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani ɗan guntun kuromosom a cikin sel na masu sankarar ɓargo mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke taƙaitawa da CML, aka raɗa masa sunan garinsu, Filadelfiya. Amma rinin wancan zamani baƙi ƙirin yake fitar da kowane kuromosom, ba ka iya bambanta su sai da tsawo da inda ƙugunsu yake. Don haka aka ɗauka guntun nan wani yanki ne kawai ya ɓalle ya ɓace. Mafi yawan masana kuma suna ganin hargitsin kuromosom a cikin sankara ɓarna ce da cutar ta haifar daga baya, kamar tokar da gobara ta bari, ba ita ce ta kunna wutar ba.

Abin da ya sauya lissafi sabon rini ne. Torbjörn Caspersson da Lore Zech a Suwidin suka gano cewa idan aka rina kuromosom da kwinakirin aka haska shi da fitila ta musamman, kowanne yakan fito da ratsinsa, wani wuri mai haske wani wuri mai duhu, kamar yadda ake gane saƙi da ratsin jikinsa. Ba da jimawa ba aka samo yadda za a fitar da irin wannan ratsi da rinin Gimsa. Rowley ta koyi dabarar a zamanta na biyu a Oksfod, 1970 zuwa 1971. Da ta koma gida sai ta riƙa ɗaukar hotunan kuromosom ɗin marasa lafiya, ta yanka su ɗaya bayan ɗaya da almakashi, ta jera su bibbiyu a kan teburin cin abincin gidanta.

A kan wannan tebur ne, a 1972, ta lura cewa a wani nau'in sankarar ɓargo mai gaggawa, AML, kuromosom na 8 da na 21 sun karye sun yi musanyar gutsure. Mujallar likitoci ta New England ta ƙi karɓar maƙalar, sai a wata mujallar Faransa, Annales de Génétique, ta fito a 1973. A shekarar ce kuma mujallar Nature ta buga maƙalarta da ta fi kowacce tasiri. Marasa lafiya tara ne kacal masu CML, kuma a cikinsu duka ta ga abu ɗaya: a ƙarshen dogon hannun kuromosom na 9 akwai ƙarin wani yanki mai dishi-dishin haske, girmansa daidai da abin da ya ɓace daga na 22, wanda shi ne guntun Filadelfiya. Ashe yankin bai ɓace ba, ƙaura ya yi.

Ɗalibin da zai karanta wannan maƙala ya lura da yadda aka gina hujjar, domin darasin yana nan. 'Yan shafuka ne. Ba ta ce musanyar ce ke haddasa cutar ba, tunda ba ta da hujjar hakan tukuna. Abin da ta nuna shi ne abu iri ɗaya, a wuri ɗaya, a cikin mutane daban-daban masu cuta ɗaya, da rini iri biyu da ke gaskata juna. Ɓarnar da ta faru da ka ba ta maimaita kanta haka. A ganinmu maƙala mai mutum tara irin wannan ta fi wadda ta tara ɗaruruwan fayil ba tare da tambaya ɗaya takamaimai ba, kuma irin ta biyun ce ɗalibai suka fi yawan rubutawa idan lokacin kammala digiri ya matso.

Yanzu a koma ga layin takardar. Lamba 46 ita ce adadin kuromosom, XY na nufin namiji. Harafin t na nufin musanya, kuma 9 da 22 su ne waɗanda suka yi ta. Harafin q dogon hannu ne, p gajere, sai 34 da 11.2 su nuna ratsin da karayar ta auku a kowanne. Lambar ƙarshe, 20, adadin sel ɗin da aka duba aka ga hakan a cikinsu. Idan bayan wannan aka ga ƙari kamar +8 (ƙarin kuromosom na 8) ko i(17q) (sauyi a kuromosom na 17) ko guntun Filadelfiya na biyu, to alama ce cutar na neman sauya taki, kuma likita zai sa ido fiye da da.

A 1977 Rowley ta ƙara gano ta uku, tare da Harvey Golomb, a mujallar Lancet: musanya tsakanin 15 da 17 a nau'in sankarar ɓargo mai gaggawa da ake kira APL. Daga nan ta tsaya kai da fata cewa waɗannan musanye su ne tushen cutar. Ita da abokan aikinta suka soma tarukan ƙasa da ƙasa a kan kuromosom ɗin sankarar jini, na farko a Helsinki a 1977, inda kowane ɗakin bincike ke kawo hotunansa da bayanin yadda marasa lafiyarsa suka ƙare, a baje a duba tare. Daga irin wannan haɗa kai aka gane cewa kuromosom na faɗin yadda cuta za ta amsa magani. Ƙungiyarta ta kuma nuna cewa sankarar jinin da ke biyo bayan maganin wata sankarar takan zo da asarar kuromosom na 5 ko na 7 ko wani yankinsu, sannan a 1991 suka gano ƙwayar gadon da suka sa wa suna MLL a ratsi na 11q23, wadda ke da hannu a yawancin sankarar jinin jarirai. Ta samu lambar Lasker a 1998 da lambar yabo ta shugaban Amurka a 2009, ta rasu a watan Disamba na 2013 tana da shekara 88, tana aiki har kusan ƙarshe.

Daga teburinta zuwa kantin magani an ɗauki shekara 28, kuma hannaye da yawa ne suka yi aikin. A 1982 aka nuna cewa ƙwayar gado mai suna ABL ce ke tashi daga 9 ta koma 22. A 1984 aka gano wurin da take sauka, BCR. A 1985 aka tabbatar cewa biyun suna haɗewa su zama abu ɗaya, wanda ke ƙera wani furotin da ya maƙale a kunne, kullum yana umartar sel ya hayayyafa. A 1990 aka sa wa ɓeraye wannan haɗin suka kamu da cuta irin CML, gardama ta ƙare. Brian Druker da Nicholas Lydon da abokan aikinsu suka fito da imatinib, maganin da ke toshe wannan furotin. A gwajin farko, cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, ƙidayar jinin 53 ta koma daidai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayu na 2001. Kafin nan, wanda bai samu dashen ɓargo ba 'yan shekaru ake ƙiyasta masa. Yau mai shan maganinsa a kan ƙa'ida na iya rayuwa kusan kamar kowa, da yardar Allah.

Duk wannan ya dogara ne ga kwalbar da ta bar gefen gadon mara lafiya, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Gwajin kuromosom na buƙatar sel masu rai da za su rabu, saboda sai a lokacin rabuwa ake ganin kuromosom. Ana son mililita 1 zuwa 2 na ɓargo a kwalba mai koren murfi, mai sodiyam hefarin, a jujjuya ta a hankali nan take don kada ya daskare. Kwalba mai murfi ruwan shunayya, mai EDTA, ta gwajin PCR ce, wanda ke neman haɗin ƙwayoyin gadon kai tsaye. Sel ba sa girma da kyau a cikinta, shi kuma hefarin yana hana PCR aiki, don haka musanya kwalaben biyu na iya lalata gwaji biyu a lokaci guda. A ɗiba daga zuƙon farko-farko, domin in an yi ta zuƙa daga wuri ɗaya jini ne ke biyowa ya tsarma ɓargon. A ɗiba kafin a fara magani, har da sitiroyid. Idan ɓargon ya ƙi zuƙuwa, jinin jijiya na iya wadatarwa muddin sel ɗin cutar na yawo a cikinsa da yawa, ko a sa gutsuren ƙashin da aka ciro a ruwan reno. Samfurin da ya shiga fomalin, ruwan adana tsoka, ya mutu, ba za a samu komai daga gare shi ba.

Sai zafin ƙasar nan. Samfurin ba ya son ƙanƙara, ba ya son rana. Kwalbar da aka ajiye a gaban mota daga Makka zuwa Jidda da azahar ɗin bazara ta dahu kafin ta isa. A sa ta a akwati mai riƙe sanyin ɗaki, kada ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, ta isa cikin awa 24. Wanda zai ɗebi ɓargo ranar Alhamis da yamma ya fara kiran ɗakin gwajin ya ji ko akwai mai karɓa, tunda Juma'a da Asabar hutu ne.

A ɗakin gwaji, aikin farko ƙirga sel ne. Ana son kimanin miliyan ɗaya a kowace mililita ta ruwan reno, galibi RPMI 1640 da aka haɗa da ruwan jinin ɗan maraƙi. Kwalbar reno mai mililita 10 na buƙatar sel miliyan 10. Idan ƙidayar samfurin 10,000 ce a maikurolita, mililita ɗaya za a zuba. Amma mai CML yakan zo da 200,000, shi kuwa maikurolita 50 ta isa. Sabon ma'aikaci yakan ga wannan ɗigon ya yi kaɗan ya ƙara, sel su cunkushe, su cinye abincin, ruwan ya koma ɗorawa, washegari a rasa ko ɗaya mai rabuwa. Ana reno a zafin digiri 37 na awa 24 zuwa 48. Ba a sa PHA, sinadarin da ake sa wa jini a gwajin cututtukan gado, domin zai tayar da lafiyayyun sel su rufe na cutar, sakamako ya fito lafiya lau alhali ba haka ba ne. A APL kuwa girbin da aka yi kai tsaye ba tare da reno ba yakan nuna kuromosom lafiyayyu, saboda sel masu zama jajayen ƙwayoyin jini ne ke rabuwa a lokacin, sai bayan reno musanyar 15 da 17 ke bayyana.

Girbi na farawa da kolsemid, wanda ke tsayar da sel a tsakiyar rabuwa. In ya daɗe fiye da kima kuromosom sukan takure su gajarce, ratsin ya haɗe. Daga nan sai ruwan fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 0.075, wato giram 5.6 a lita ɗaya, mai ɗumin digiri 37, na kimanin minti 15 zuwa 20, don sel su kumbura. Ya gaza, kuromosom su cure wuri ɗaya. Ya zarce, sel su fashe, wasu kuromosom su ɓace, a rubuta asarar da babu ita. Sai ruwan kafewa, kashi uku na metanol da kashi ɗaya na asid ɗin asetik, wanda aka haɗa a ranar. Ɗigon farko a hankali ake sa su ana kaɗa kwalbar, in aka kwarara gaba ɗaya sel su dunƙule ba mai raba su. A wanke sau uku.

Ɗiga sel a kan gilashi shi ne wurin da gwaninta ke nuna kanta, kuma iska na da hannu a ciki. Ana son laima kusan kashi 50 cikin ɗari. A bushewar Riyad, ko ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ta tsotse, ɗigon na bushewa da sauri kuromosom ba su samu bajewa ba. A laimar Jidda yana daɗewa, su watse ko su birkice. Shi ya sa ƙa'idar da aka kwafo daga wani gari ba ta aiki sai an gyara ta, kuma ma'aunin laima na bango ya fi wasu manyan na'urori amfani. Bayan an tsufar da gilashin, misali kwana ɗaya a zafin digiri 60, sai a tsoma shi a tiripsin na 'yan daƙiƙu, sannan rinin Gimsa. Tiripsin ya gaza, kuromosom su fito baƙi ba ratsi. Ya yi yawa, su kumbura su kwaile. Kullum a gwada gilashi ɗaya tukuna kafin a tsoma sauran.

Ana duba sel 20 masu rabuwa. Ba a kiran abu matsala sai an gan shi a sel biyu, idan musanya ce ko ƙarin kuromosom, ko a sel uku idan asara ce, saboda asara na iya zama ta hannun ma'aikaci. Kimanin kashi 5 cikin ɗari na masu CML ba a ganin guntun Filadelfiya a madubi ko da aikin ya yi kyau, domin haɗin ya ɓuya. Su sai gwajin FISH, mai haska ƙwayoyin gadon da rini mai ƙyalli, ko PCR. Don haka sakamako mai cewa kuromosom lafiya lau bai kore cutar ba idan saifa ta kumbura kuma hoton jini na nuna ta.

APL ba ta jiran ko ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. Zubar jini ce ke kashe mai ita a kwanakin farko, sau da yawa a cikin ƙwaƙwalwa. Da zarar an zarge ta daga kallon jini a madubi, a fara ATRA, dangin bitamin A, miligiram 45 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana, a raba biyu, a riƙa ƙarin ƙwayoyin daskarar da jini da fibirinojin, tabbaci ya biyo baya. Wang Zhenyi na Shanghai ne ya fito da wannan magani, maƙalarsu ta 1988 ta nuna mutum 23 cikin 24 sun samu sauƙi cikakke. Likitocin Harbin a ƙasar Sin suka kawo sinadarin asenik, kuma gwajin da Francesco Lo-Coco ya jagoranta, wanda aka buga a 2013, ya nuna haɗin biyun na warkar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda fararen ƙwayoyinsu ba su hau sosai ba. Idan zazzaɓi da haki da kumburi suka taso bayan fara maganin, a sanar da likita nan take, akwai allurar dekzametason da ake yi, miligiram 10 sau biyu a rana.

Tambayar da iyalai suka fi yi ita ce ko abin gado ne. Tunda gwajin kafin aure ya zama dole a Saudiyya tun 2004 saboda sikila da talasimiya, mutanenmu da yawa na jin an ce kuromosom sai hankalinsu ya tafi can, har a fara zancen auren zumunci ko a ji tsoron neman 'yar gidan. Musanyar 9 da 22 ba a haihuwar mutum da ita. A cikin sel ɗaya na ɓargo take aukuwa bayan an zo duniya, ba ta cikin maniyyi ko ƙwan mace, ba ta wucewa ga 'ya'ya, ba a kuma ɗaukarta a kwano ko shimfiɗa. In an kira 'yan'uwa shaƙiƙai gwaji, dacewar ɓargo ake nema, kuma kowane ɗayansu na da damar kashi 25 cikin ɗari ya dace.

Mai shan imatinib yakan fara da miligiram 400 sau ɗaya a rana, da abinci da babban kofi na ruwa don rage tashin zuciya. Cikin 'yan makonni ƙidayar jini ta koma daidai, saifa ta sace, ƙarfi ya dawo, kuma a nan ne wasu ke ajiye magani su ce sun warke. Ƙidayar jini ba ta ganin ragowar cutar. PCR ce ke gani, ana yin ta duk wata uku, ana son ta sauka zuwa kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa a wata na 3, kashi 1 a wata na 6, kashi 0.1 a wata na 12. In ta ƙi sauka, kafin a ce maganin ya gaza sai a tambayi sau nawa aka tsallake shi, domin tsallake 'yan kwanaki a kowane wata ya isa ya hana kaiwa ga waɗannan matakai. In an tabbatar ana sha, sai a nemi sauyi a cikin furotin ɗin kansa, kamar T315I, wanda ba ya jin imatinib sai irin su fonatinib. Mace mai son ɗaukar ciki ta fara shawara da likita, domin maganin na cutar da ɗan tayi. Mai son azumi ya tambaya, tunda sau ɗaya ake sha ana iya mayar da shi lokacin buɗa-baki idan likita ya ga jikinsa zai ɗauka.

Wanda zai koma Kano ko Damagaram ko Gadarif ya ci gaba da jinya a can, ya tafi da kwafin takardar kuromosom ta ranar farko, da takardar PCR ta farko mai nuna irin haɗin da yake da shi, ko e13a2 ko e14a2 ko wani daban. Na'urorin da aka saba amfani da su waɗannan biyun suke nema. Mai wani iri daban zai riƙa samun sakamako mai cewa babu komai alhali cutar na nan, kuma bayan an sha magani na watanni da wuya a sake gane irin da aka fara da shi.